Shaidar da Na Bayar Ba Gaskiya Ba Ce

Saulawa,
ta hanyar Ikara.

Zuwa ga 'yata Rahila, autata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gajiyar hanya? Ina baƙunta? Yaya asibitin, yaya waɗanda kika tarar a can, ruwan garin ya karɓe ki? Direban da ya ɗauke ki a tashar Ikara ya aiko mini cewa ya sauke ki Zariya da hantsi, ya kuma ga shigarki motar Yola da idonsa. Daga nan ban ƙara jin komai ba, sai na bar ki a hannun Allah, wanda ya fi ni sanin hanyar. Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum, ya ba ki farin jini wurin shugabanninki da wurin marasa lafiyar da za ki riƙa jinya.

Ni ina nan yadda kika bar ni. Ƙafa tana kai ni bakin zaure, ta dawo da ni. Matar Yakubu maƙwabcinmu tana aiko da tuwo, ba ta fasa ba ko sau ɗaya, sai dai gidan ya yi mini girma. Har yanzu idan aka taɓa ƙyaure nakan ɗaga kai in ce "Auta?", sannan in tuna. Ki yi haƙuri da takardar, shafukan wata tsohuwar rajistar makaranta ce na yage, kin san yadda takarda ta yi wuya a zamanin nan. Ki yi haƙuri da rubutun kuma. Hannun da ya koya wa yaran ƙasar nan bin layi, yau shi kansa ba ya bi.

Ba labarin gida ya sa na ɗauki alƙalami ba. Kin yi mini tambaya ban amsa ba, ita ce ta hana ni sakat.

Ana gobe za ki tafi, da azahar, kin kawo mini fate kin koma gefe kina shirya akwati. Na ga kin ninke farar rigar aikinki, kin warware, kin sake ninkewa. Na ce, "Auta, ina naki kwanon?" Kika ce azumi kike yi. Can sai kika ce, ba ki ko dube ni ba, "Baba, azumin nan naka na kwana uku, wannan ne karo na huɗu da nake yin sa. Kai sau ɗaya ka yi, faɗuwar gaba ta bar ka har abada. Ni kullum tana nan. Wane zunubi ne a kaina da Allah ya ƙi ji na?" Ni kuwa na ce miki, "Allah zai yi." Na ci gaba da shan fatena. Washegari na raka ki tasha, na sa miki albarka, na bar ki kika shiga mota da yunwa da tambayarki.

Rahila, faɗuwar gaban nan ba ta bar ni ba. Shaidar da kika taso kina ji a bakina ba gaskiya ba ce. Bari in gaya miki yadda aka yi, tun daga tushe.

Kin san gidan da na fito. Kakanki da 'yan'uwansa suna kan al'adar gargajiya, suna yi wa iskoki yanka a gindin tsamiya. Ni ne na farko a zuriyarmu da ya shiga makarantar mishan har aka yi masa baftisma. Ranar da na ƙi cin naman yankan, Kawu Barau, wan mahaifiyata, ya ce mini a gaban jama'a, "Je ka. Waɗanda ka guje wa sun san hanyar makarantar su ma." Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta zauna mini.

Bayan shekaru, na riga na auri mahaifiyarki, ina koyarwa a wata makaranta kusa da Gubuchi. Wata Talata da safe ina rubuta lissafi a allo, sai zuciyata ta fara bugawa kamar ana sussuka a ƙirjina. Numfashi ya ƙi isa, tafin hannuna ya jiƙe, alli ya suɓuce. Na tabbata mutuwa ce ta zo ɗaukata a gaban 'yan aji. Ba a jima ba abin ya lafa, kamar ba a yi ba. Bayan mako guda ya sake kama ni a tsakiyar kasuwar Makarfi, sannan a cikin sujada. Daga nan zullumin dawowarsa ya fi shi kansa ciwo. Kin san wannan, ba sai na bayyana miki ba.

Labari ya kai ƙauye. Kawu Barau ya aiko cewa baƙin bunsuru ɗaya ya isa, in zo a yi abin da ya kamata. Ni kuma na ce sai na nuna musu wanda ya fi ƙarfi. Na shiga azumin kwana uku, ba na sa komai a baki sai ruwa. A rana ta uku na ji jikina ya yi sakayau, kaina ya washe. Yanzu na san yunwa ma tana kawo haka. Lahadin ta zo daidai da godiyar kaka, gaban majami'a cike da dammunan dawa da rake da kaji. Ta taga na hango Kawu Barau a waje, ya zo kallo, ya dogare da sandarsa. Da aka ce wa yake da shaida, na miƙe na ce, "Yesu ya warkar da ni sarai. Azumin kwana uku na yi, abin ya fita, ba zai dawo ba." Mata suka rangaɗa guɗa, aka buga tulunan kiɗa, Kawu ya juya ya tafi.

A ranar na ɗauka gaskiya na faɗa, ko dai ina so ta zama gaskiya. Ƙaryar ta fara ne ranar Laraba, da abin ya dawo ya same ni a bayan aji, na tsaya na riƙe bango har ya wuce, na goge fuska na koma ciki, na yanke a raina cewa ba wanda zai sani. Na ce idan na faɗa, za a yi wa sunan Yesu dariya a gindin tsamiya. Sai aka fara gayyatata ikkilisiyoyi, yau Makarfi, gobe Kudan, jibi Ikara, in je in ba da shaidar. Kowace shekara labarin yana ƙara kyau a bakina. Ke kuma kina bencin gaba da ɗan kallabinki, kina ji.

Ga abin da na koya a makare. Yesu ba ya bukatar in yi ƙarya domin in rufa masa asiri. Ni ne nake bukatar rufin asiri, na kuwa fake da sunansa. Saboda haka, 'yata, duk abin da kike ji ki kira shi da sunansa, a gaban Allah da gaban mutanen da kika amince da su. Idan ba ki warke ba, kada ki ce kin warke domin ki faranta wa masu guɗa rai. Su za su koma gidajensu, ke ce za ki zauna da maganarki.

Da a kaina kaɗai abin ya tsaya, da da sauƙi. Akwai wani tela a Kudan, Bitrus, mutum mai fara'a, shi yake ɗinka wa mawaƙan ikkilisiyarsu riguna. Bayan na gama ba da shaida a wurinsu, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, irin naka ne yake damuna. Idan ya zo ko zare ba na iya sa wa allura. Yaya zan yi?" A wannan lokacin ƙirjina ni ma yana bugawa a ƙarƙashin riga. Da na ce masa "Ni ma haka," da na ba shi abin da ya zo nema. Sai na ce masa ya yi azumin kwana uku da bangaskiya marar shakka. Ya yi, ya sake, ya sake. Ya rame har mutane suka fara tsegumi. Daga baya ya daina zuwa sujada, ya gaya wa matarsa cewa Allah ya zaɓi waɗanda yake ji, shi ba ya ciki. Suka tashi daga Kudan, ban san inda suka nufa ba. Na yi ta cigiyarsa bayan na yi ritaya, ban dace ba. Har yau idan na ji ƙarar keken ɗinki sai in tuna da shi.

Aikinki zai kawo miki irin su Bitrus da yawa. Za su zo suna cewa zuciyarsu ce, a auna a ga lafiyarta lau. Kada ki ce musu bangaskiyarsu ce ta gaza. Ba a auna bangaskiya da bugun zuciya. Abin da kuwa ba za ki faɗa wa majinyaci ba, kada ki faɗa wa kanki.

Mahaifiyarki ma na ɓoye mata, ko in ce na zaci na ɓoye, har shekara goma sha ɗaya. Wata rana da la'asar ina dawowa daga ba da shaida, abin ya kama ni a kan keke, na sauka na turo shi har gida. Tana bakin murhu ta dube ni ta ce, "Sannu da zuwa, warkakke."

Na ce, "Me kika ce?"

Ta ce, "Cewa na yi ruwan wanka yana bayi. Malam, ni nake wanke rigunanka. Wanda ya warke ba ya jiƙa riga da zufa ana tsakiyar sanyi."

Na ce, "Tun yaushe kika sani?"

Ta ce, "Tun ranar Larabar."

"To me ya hana ki magana?"

"Kai ka gaya wa ikkilisiya bakwai. Ni wace ce da zan ƙaryata ikkilisiya bakwai? Jira nake ka gaji."

Na zauna a kan turmi na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Idan ya zo, ka kira ni kawai. Ba sai ka yi mini wa'azi ba." Tun daga ranar, in ya taso sai ta zauna kusa da ni, ta tura mini ƙwaryar gyaɗa ta ce in ɓare, tana ba ni labarin wadda ta haihu da wadda akuyarta ta ɓata, har numfashina ya daidaita. Abin bai tafi ba, amma nauyinsa ya ragu da rabi. Shekara goma sha ɗaya na hana kaina wannan, ga shi a cikin ɗakina. Ta roƙe ni in gaya muku gaskiya, ku 'ya'yanmu. Na ce sai kun girma. Kuka girma, ta rasu, ban faɗa ba. Yanzu ni nake ɓarar gyaɗar ni kaɗai.

Ki nemi mutum ɗaya a can. Ba sai mutane goma ba. Ki shiga zumuntar mata ko da kin ga duk sun girme ki, ki lura da wadda ba ta yawan kai magana, ki gaya mata. Kada ki kulle kanki a ɗaki daga asibiti sai gado. Idan aka gayyace ki cin abinci, ki je, ko da ranki bai so ba.

Wani kuskuren kuma, na ɗauki jikina kamar ba na Allah ba ne, kamar ruhu kaɗai ya ba ni amana. Ina fita ba karin kumallo, in wuni a kan goro da baƙin shayi, ga azumi a kai a kai, ina ganin hakan tsarki ne. Wanda ya fara nuna mini wautata ba fasto ba ne. Malam Sale ne, wani Musulmi mai yin mazarƙwaila a fadamar Gubuchi. Ta wurinsa nake bi in na taso daga makaranta. Dokinsa ne yake zagaye yana juya injin matse rake. Wata rana na tarar ya kwance dokin da rana tsaka, ya kai shi inuwa yana ba shi ruwa da dusa, ga rake jibge.

Na ce, "Malam Sale, ga aiki ya taru ka kwance doki?"

Ya ce, "Malam Ayuba, doki ɗaya gare ni. Kai ne dai na ga alama jiki biyu gare ka, ɗaya yana ajiye a gida. Yau me ka ci?"

Na ce goro da shayi.

Ya ce, "Da abin da nake ba dokin nan ke nan, da tuni ya hau bishiya. Zauna."

Ya tura mini dafaffen rogo da ƙuli. Ina ci ya ce, "Mu ma muna azumi, ka sani. Amma marar lafiya an ɗauke masa. Ban yi zaton naku Ubangijin ya fi son ganin mutum a galabaice ba." Shi ne ya matsa mini har na je wurin wani malamin asibiti a Makarfi. Ya saurari ƙirjina ya ce zuciyata ƙalau take, ya faɗi sunan abin da Turanci, na manta shi yanzu. Ya ce ya ga irinsa a wurin 'yan kasuwa da manoma har da tsofaffin sojoji. Ya ce in rage goro, in ci abinci a kan kari, in kwanta da wuri, in riƙa taka ƙasa da ƙafata kowace yamma, idan ya taso kuma in ja numfashi a hankali in sake shi a hankali. Na yi, na kuwa ga bambanci, ko da yake ban taɓa faɗin wannan a majami'a ba, don babu guɗa a cikin labarin rogo.

Ke kin fi ni sanin waɗannan, a makaranta aka koya miki. Amma na lura masu jinya sun fi kowa mance cewa su ma jiki gare su. Ki karya kumallo kafin ki shiga aiki, ko koko ne. Ranar hutunki ki huta, kada ki karɓi aikin kowa don kunya. Idan abin ya yi yawa, ki je wurin likita a matsayin majinyaciya, ki faɗa masa duka. In ya ba ki magani ki sha da godiya ga Allah, kamar yadda kike cin tuwo da godiya. Azumi yana da lokacinsa, ban hana ki ba har abada. Amma ba sanda ba ce da za ki doki kanki da ita har sai Allah ya tausaya. Ya riga ya tausaya.

Ki kula da abin da kike zuba wa kunnenki. Lokacin da sojoji suka sake dawowa aka fara sallamar ma'aikata, na manne wa rediyo, labarin safe, na rana, na yamma, ina jiran in ji abin da zai taɓa ku. Mahaifiyarki, a shekararta ta ƙarshe ke nan, ta cire batir ta ɓoye a tukunyar daddawa. Ta ce, "Na safe ya ishe ka, Malam. In sun sake juyin mulki da rana, maƙwabta za su gaya mana." Na san abubuwan da suke cin ki. Kina tsoron ke ce sabuwa, in za a rage ma'aikata da ke za a fara. Kina tsoron hannunki ya yi rawa ki yi kuskuren allura. Kina tsoron in faɗi a gidan nan ba kowa. Na farkon ba a hannunki yake ba, tunaninsa ba zai goge sunanki daga takarda ba, ba zai kuma rubuta shi ba. Na biyun, ki duba sau biyu, ki tambayi na gaba da ke ba kunya, sannan ki bar shi a asibiti idan kin tashi. Na ukun kuwa ki bar mana shi, ni da Allah da matar Yakubu.

Kada ki ɗauka cewa nake addu'a ba ta yi aiki ba. Ta yi, ba dai irin aikin da na yi ta shela ba. Fiye da shekara talatin abin nan yana zuwa, bai taɓa samuna ni kaɗai ba, Allah yana tare da ni. Shi kansa Ubangijinmu, da lokacin kama shi ya matso, ransa ya yi nauyi har zufa ta keto masa, ya roƙi abokansa su zauna kusa da shi. Ba wanda ya ce bangaskiyarsa ce ta gaza. Addu'ata yanzu gajeruwa ce. Nakan ce, "Yesu, ga shi ya zo kuma. Zauna da ni." Da safe in karanta kaɗan daga Maganar Allah, in faɗa masa abin da nake tsoro ɗaya bayan ɗaya da sunansa, sannan in tashi in ba kaji hatsi.

Lahadin da ta wuce, da fasto ya ce wa yake da shaida, na dogara sandata na miƙe. Wasu tsofaffi har sun fara cewa amin, sun zaci tsohon labarin ne. Na ce, "Na zo in janye shaidata ne. Abin da na ce ya fita bai fita ba. Yana nan har yau. Allah bai raba ni da shi ba, riƙe ni ya yi a cikinsa. Duk wanda ya wahalar da kansa saboda maganata, ya gafarta mini." Fasto ya yi sauri ya tayar da waƙa. Da aka tashi wasu suka kau da kai. Yakubu ya ce, "Baba, da ka bari. Wa ya tambaye ka?" Na ce masa akwai wadda ta tambaya.

Ina fitowa sai na ga Maman Talatu mai ƙosai tana jirana a gindin mangwaro. Kin san ta, matar da dariyarta take cika kasuwa. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta rage murya ta ce, "Malam, ashe ni ma ba taɓuwar hankali ba ce ke nan?" Shekara tara tana ɓoyewa, ko mijinta bai sani ba. Muka zauna a kan benci muka daɗe. A hanyar gida abin ya kama ni, na samu kututture na zauna har ya wuce. Ya kuwa wuce.

To ga amsar tambayarki, Auta. Babu wani zunubi a kanki da ya jawo wannan, kuma Allah bai toshe kunnensa gare ki ba. A wurina kika gaje shi, kamar yadda kika gaji tsawon mahaifiyarki. Kin yi ta gwada kanki da wani mutum da bai taɓa wanzuwa ba, ni kuwa na ƙirƙire shi. Ki gafarta mini, 'yata.

Kada ki bar aikinki ki dawo saboda ni. Idan sun ba ki hutun Kirsimeti ki zo, ina marmarin ganin fuskarki fiye da yadda takardar nan za ta ɗauka. Kafin nan ki rubuto, kuma in ba lafiya lau ba ne kada ki rubuta lafiya lau. Ni ma na daina.

Ubangiji ya kiyaye ki a ɗakinki da wurin aikinki da kan hanya. Ya daidaita hannunki, ya kwantar da zuciyarki, ranar da ta ƙi kwanciya kuma ya zauna tare da ke har ta lafa. Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Idan wasiƙar nan ta same ki kina azumi saboda maganata, ki ajiye ta yanzu, ki wanke hannu, ki ci abinci.

Ni ne mahaifinki mai kewarki,
Ayuba.